Masaukin Lambert na garin Cimarron: daga ina ramukan harsashin suka fito?

Wani ɗan'uwa ya aiko da tambaya cewa ya ga hoton wani tsohon otel a Amurka mai suna St. James, a wani ƙaramin gari da ake kira Cimarron, an nuna silin ɗakin cin abincinsa duk ramukan harsashi, aka kuma rubuta a ƙasan hoton cewa an kashe mutum 26 a cikin ginin, kuma kusan duk wani shahararren ɗan bindiga na zamanin kaboyi ya taɓa kwana a wurin. Yana son ya san ko gaskiya ne, da kuma abin da ya sa masauki guda a gari ɗan ƙarami ya ga zubar da jini har haka.

Malam, ginin yana nan, ramukan ma suna nan, kuma babu shakka an yi kashe-kashe a cikinsa. Sai dai labarin da ake ba masu yawon buɗe ido ya fi karkata ga maye da caca da saurin zare bindiga, alhali mafi girman jinin da aka zubar a wurin yana da tushe a rikicin fili, tsakanin wani kamfani mai jarin ƙasashen waje da talakawan da ke zaune a kan ƙasar da kamfanin ya ce tasa ce. Wanda bai san wannan rikicin ba zai ɗauka mutanen garin mahaukata ne kawai, kuma hakan zalunci ne ga waɗanda suka mutu.

Cimarron yana arewa maso gabashin jihar New Mexico, a daidai inda shimfiɗaɗɗen filin ciyawa ya ƙare duwatsun Sangre de Cristo suka soma, kuma a yau mazaunansa ba su kai dubu ɗaya ba. Abin da ya haifar da garin hanya ce. A 1821, shekarar da Meziko ta sami 'yancin kai daga Sifaniya, wani ɗan kasuwa mai suna William Becknell ya tashi daga jihar Missouri da kaya ya isa Santa Fe, ya sayar da riba mai yawa, daga nan aka buɗe hanyar fatauci ta Santa Fe, mai tsawon kusan kilomita 1,400. Hanyar ta rabu biyu a tsakiya. Reshe ɗaya ya fi kusa amma babu ruwa sosai, ɗayan kuma ya bi ta gindin duwatsu, ya haura mashigin Raton mai wahalar hawa, sannan ya gangaro ta Cimarron ya nufi sansanin soja na Fort Union. Wannan reshe na duwatsu shi ne sojojin Amurka suka bi a 1846 lokacin da suka shiga ƙwace yankin daga hannun Meziko, kuma shi ne kekunan dawaki masu ɗaukar fasinja da wasiƙu suka riƙa bi daga shekarun 1860. Duk wanda ya sauko daga mashigin Raton da amalanken shanu ko garken alfadarai, yana isowa Cimarron a gajiye, yana neman ruwa da ciyawa da abinci da wurin kwana.

Kafin a gina wani masauki na kuɗi, gidan mutum ɗaya ne ke karɓar waɗannan baƙi, wato Lucien Maxwell. Shi ɗan jihar Illinois ne, ya yi farauta da ja-gorar matafiya a duwatsu, ya auri Luz, 'yar wani attajiri ɗan asalin Kanada mai suna Charles Beaubien. A 1841 gwamnan Meziko na yankin, Manuel Armijo, ya ba Beaubien da wani jami'i mai suna Guadalupe Miranda wani makeken fili a gabashin duwatsun, aka kwatanta iyakokinsa da koguna da tsaunuka ba tare da awo ba. Maxwell ya sayi rabon Miranda, ya gaji wani ɓangare ta hannun matarsa, ya kuma saye na sauran magada bayan rasuwar surukinsa a 1864, har filin gaba ɗaya ya koma hannunsa. Ya gina babban gida a Cimarron, inda ake ciyar da duk wanda ya sauka, ya kuma gina injin niƙa na dutse mai hawa uku a 1864, wanda har yanzu yana tsaye kusa da otel ɗin, an mai da shi gidan tarihi. Garin hatsin da injin ke niƙawa gwamnati ce ke saye, tana ciyar da sojoji, tana kuma raba wa ƙabilun Ute da Jicarilla Apache, waɗanda su ne 'yan asalin wannan ƙasa tun kafin a rubuta wata takarda a kanta, kuma an buɗe musu ofishin rabon abinci a garin bayan an takura musu wuraren farauta.

Abin lura game da zamanin Maxwell shi ne bai damu da takardun haya ba. Manoma masu magana da Sifaniyanci suna noma da kiwon tumaki a kan filin, suna ba shi wani kaso na amfani, wasu ma ba sa ba da komai, kuma ana zaune a haka. Da aka gano zinariya a gefen dutsen Baldy a 1866, sai dubban mahaƙa suka kwararo a shekarar da ta biyo baya, suka kafa garin Elizabethtown a cikin duwatsu, da yawansu suna ganin ƙasar ta gwamnati ce, kowa na da ikon ya haƙa.

Cikin waɗanda zinariyar ta jawo har da wani Bafaranshe mai sana'ar dafa abinci, Henri Lambert, wanda Amurkawa suka riƙa kira Henry. Ana yawan ba da labarin cewa ya yi wa shugaban ƙasa Abraham Lincoln girki a lokacin yaƙin basasar Amurka, kuma wannan labari ya yi wa otel ɗin talla sosai, amma ni ba na ɗora nauyin tarihin gidan a kansa. Abin da ya tabbata shi ne mutumin ya fahimci cewa mai sayar wa mahaƙa abinci ya fi mahaƙan samun kuɗi mai ɗorewa. Ya fara da gidan abinci a Elizabethtown, da zinariyar ta soma ja baya kuma sai ya sauko Cimarron ya buɗe mashaya da wurin cin abinci a 1872. Zaɓen shekarar ba banza ba ne, domin a 1872 ɗin ne aka ɗauke hedikwatar gundumar Colfax daga Elizabethtown aka dawo da ita Cimarron, aka gina kurkuku, kotu ta fara zama, lauyoyi da masu ƙara da shaidu suka riƙa shigowa gari. Maxwell kuma ya riga ya sayar da filin ya tashi, saboda haka babu sauran gidan da ke ciyar da baƙo kyauta. Sai a 1880 Lambert ya ƙara ɗakunan kwana a kan ginin na tubalin laka mai kauri, ya zama bene mai hawa biyu, daga baya aka sa masa suna St. James.

Ya kamata a fahimci aikin irin wannan gida a garin da ke bakin iyaka, domin ya wuce wurin kwana da shan barasa. Wanda ya san yadda zango yake a tsohuwar hanyar fataken goro zuwa Gwanja, da matsayin mai masauki wanda ke saukar da baƙo, ya ajiye masa kaya, ya haɗa shi da mai saye, ya kuma san labarin kowa, to ya fahimci matsayin Lambert, kuma zai fahimci abin da ya sami gidan daga baya idan ya tuna yadda isowar jirgin ƙasa Kano a 1911 ta rage wa zangunan da layin bai bi ta kansu ba daraja. A ɗakin mashayar Lambert ake cinikin shanu, a nan makiyayi ke neman aiki, a nan ake jin labarin da keken wasiƙu ya kawo, a nan 'yan siyasa ke ƙulla shawara, a nan kuma soja da mahaƙi da makiyayi ɗan Texas da manomi Bameziƙe ke zama a teburin karta ɗaya, kowa da bindiga a ƙugu. Idan gari ya rabu gida biyu, ɓangarorin biyu ba su da wani wurin haɗuwa sai wannan ɗaki.

Garin kuwa ya rabu. A 1870 Maxwell ya sayar da filin, ya faɗa hannun wani kamfani mai jarin Ingila a cinikin da kuɗinsa ya kai dala 1,350,000, daga baya kuma ya koma hannun masu jari na Holan. Maxwell ya koma Fort Sumner ya rasu a can a 1875. Sababbin masu filin sun zo da littafin lissafi da lauyoyi, suka ce duk wanda ke zaune a kai ko dai ya biya haya, ko ya saya, ko ya tashi. Matsalar ita ce girman filin kansa abin jayayya ne. Dokar Meziko ta lokacin da aka yi kyautar ta ƙayyade abin da gwamna zai iya ba mutum ɗaya, kuma bisa wannan ƙa'ida rabon mutum biyu bai kamata ya wuce eka 97,000 ba. Ma'aikatar cikin gida ta Amurka ta tsaya a kan wannan adadi a 1869, saboda haka mazauna suka ɗauka sauran ƙasar ta gwamnati ce, suna da damar su zauna su mallaka kamar yadda dokar zamanin ta ba kowa. Kamfanin kuwa ya ce majalisar dokokin Amurka ta riga ta tabbatar da kyautar a 1860 da iyakokinta na koguna da tsaunuka, kuma awon da aka yi daga baya ya ba shi eka 1,714,765, wato kusan murabba'in kilomita 6,900, har ya tsallaka cikin jihar Colorado. Bayan kamfanin akwai gungun lauyoyi da alƙalai da 'yan siyasa na Santa Fe, waɗanda Thomas Catron da Stephen Elkins suka fi shahara a cikinsu, masu riƙe da kotuna da muƙamai, masu arziki da cinikin irin waɗannan filaye.

Wanda ya fito fili ya ƙalubalance su wani fasto ne na ɗarikar Methodist mai suna Franklin Tolby, wanda ke wa'azi tsakanin Cimarron da Elizabethtown, yana sukar gungun a bainar jama'a, yana goyon bayan mazauna da 'yan asalin ƙasar. A ranar 14 ga Satumba 1875 aka harbe shi a cikin kwazazzabon Cimarron yana dawowa daga Elizabethtown. An sami dokinsa da kayansa ba a taɓa ba, saboda haka babu wanda ya yarda cewa 'yan fashi ne. Wani fasto abokinsa, Oscar McMains, ya ɗauki nauyin binciken da kansa, zarginsa ya faɗa kan wani mutum mai suna Cruz Vega, wanda ya bi hanyar da wasiƙu a ranar da aka yi kisan. A daren 30 ga Oktoba wasu mutane masu rufe fuska suka kama Vega, suka azabtar da shi har ya ambaci sunan wani, Manuel Cardenas, da safe aka ga gawar Vega a rataye a jikin sandar wayar tangarahu. Cardenas ma da aka kama shi ya ambaci sunayen wasu manyan gari masu alaƙa da gungun Santa Fe, amma kafin maganar ta je ko'ina aka harbe shi a hanya tsakanin kotu da kurkuku. Ta haka aka rufe bakin mutum biyun da za su iya bayyana wanda ya biya kuɗin kisan, kuma har yau ba a hukunta kowa a kan ran Tolby ba.

A tsakanin mutuwar Vega da ta Cardenas ne aka yi kisan da ya fi shahara a gidan Lambert. Vega yana da ɗan'uwa mai suna Francisco Griego, wanda ake kira Pancho, mutum ne da ake tsoro, kuma ana danganta shi da ɓangaren kamfani. Griego ya yi imani cewa Clay Allison yana cikin waɗanda suka rataye Vega. Allison ɗan jihar Tennessee ne, tsohon sojan Kudu, wato ɓangaren da ya kare bautar da baƙaƙe a yaƙin basasa, mai garken shanu a yankin, kuma yana tare da ɓangaren mazauna. A daren 1 ga Nuwamba 1875 suka haɗu a ƙofar mashayar, suka shiga tare, suka sha, sannan suka koma wani lungu na ɗakin wai za su yi magana. Yadda aka ruwaito, Griego ya cire hularsa mai faɗi yana fifita da ita a daren da babu zafi, Allison ya ɗauka yana rufe hannun da zai zaro bindiga ne, sai ya riga shi, ya harbe shi sau uku. Fitilu suka mutu, mutane suka watse, aka kulle ɗakin, sai da gari ya waye aka ɗauke gawar. Hukuma ta ce kare kai ne. Bayan wata biyu, a Janairun 1876, Allison da abokansa suka fasa ofishin jaridar garin saboda wani rubutu da bai yi musu daɗi ba, suka jefa injin buga jaridar a cikin kogi.

A nan nake saɓa wa yadda ake gabatar da Allison a takardun talla a matsayin jarumi. Gaskiya ne ɓangaren da ya tsaya wa yana da hujja a kan maganar fili, amma mutumin mashayi ne mai saurin kisa, kuma waɗanda suka mutu a waɗannan kwanaki, Vega da Griego da Cardenas, duk masu magana da Sifaniyanci ne, yayin da manyan da aka ambata da shirya kisan faston suka tsira da ransu. Wariyar launi da ta harshe tana cikin wannan labari tun daga farko har ƙarshe.

Kisan da ya biyo baya ya fi nuna haka. Saboda tashin hankalin, an turo sojojin doki daga Fort Union zuwa Cimarron a farkon 1876, kuma sojojin baƙaƙen fata ne na runduna ta 9, ɗaya daga cikin rundunonin da aka kafa wa baƙaƙe a 1866 bayan an soke bauta. Makiyayan Texas, waɗanda da yawansu sun yi yaƙi a ɓangaren Kudu, ba su iya jure ganin baƙin mutum cikin kakin gwamnati yana tsare gari ba. A daren 24 ga Maris 1876 wani makiyayi mai suna David Crockett, ɗan dangin shahararren mutumin nan mai irin sunan da ya mutu a yaƙin Alamo na Texas, yana cikin mashayar Lambert tare da abokinsa a buge, ya harbe sojoji uku har lahira. Da aka kai shi kotu bai sha hukuncin kisa ba, tara kawai aka ci shi saboda ɗaukar makami. Wannan ya ƙara masa girman kai, ya riƙa shiga gari a kan doki yana tsorata mutane, har a ƙarshen Satumba na shekarar shugaban 'yan sandan gundumar da mataimakansa suka harbe shi. Masu ba da labarin otel sukan tsaya a kan sunan Crockett saboda shaharar danginsa, su wuce sojojin uku da jimla ɗaya, alhali su ne aka zalunta.

Gwamnan yankin na lokacin, Samuel Axtell, yana tare da gungun Santa Fe. A 1876 ya sa hannu a dokar da ta ɗauke shari'o'in gundumar Colfax ta mai da su Taos, a ƙetaren duwatsu, yadda mai ƙara ko shaida sai ya yi tafiyar kwanaki kafin ya ga alƙali, kuma masu taya alƙali yanke hukunci ba maƙwabtansa ba ne. Koke-koke sun yi yawa har gwamnatin tarayya ta turo wani mai bincike, Frank Warner Angel, a 1878, rahotonsa ya sa shugaba Rutherford Hayes ya sauke Axtell ya naɗa Lew Wallace. Sauke gwamna bai dawo wa kowa da gona ba. A 1879 gwamnati ta ba kamfanin takardar mallaka ta dukkan eka 1,714,765, a 1887 kuma Kotun Ƙoli ta Amurka ta tabbatar da ita, tana mai cewa tun da majalisa ta amince a 1860, kotu ba za ta warware ba. McMains ya ci gaba da gwagwarmaya shekaru da yawa, aka yi artabu na ƙarshe a Stonewall ta jihar Colorado a 1888, daga nan mazauna suka saya, ko suka yi haya, ko suka kwashe kayansu. 'Yan asalin ƙasar tuni an rufe ofishinsu na Cimarron an kawar da su. An tura Ute kudu maso yammacin Colorado, Jicarilla kuma sun yi ta yawo daga wannan wuri zuwa wancan har sai a 1887 aka keɓe musu yanki a can yamma da duwatsu, nesa da kogin da suke ɗauka tsakiyar ƙasarsu.

Abin da ya kwantar da ƙurar gidan Lambert layin dogo ne. Jirgin kamfanin Atchison, Topeka da Santa Fe ya tsallake mashigin Raton a ƙarshen 1878, ya isa Las Vegas ta New Mexico a 1879, ya kai Santa Fe a 1880, kuma bai bi ta Cimarron ba, ya ratsa ta fili kimanin kilomita 40 a gabas, inda sabon garin Springer ya tsiro. Wato Lambert ya gama ɗakunan benensa a daidai shekarar da hanyar fatauci ta mutu. Amalanku suka daina zuwa, kekunan fasinja suka ragu, a farkon shekarun 1880 aka ɗauke hedikwatar gunduma zuwa Springer, lauyoyi suka bi kotu. Gidan ya rayu ne da makiyayan yankin da masu wucewa zuwa ma'adinai. Wani ƙaramin reshen jirgi ya iso a 1906 saboda katako da kwal, amma tasharsa tana ƙetaren kogi ta arewa, sai sabuwar kasuwa ta koma can, tsohon gari da otel ɗinsa suka zama bayan gari. Lambert ya rasu a 1913, shekara ɗaya bayan New Mexico ta zama cikakkiyar jiha. Wannan koma-baya ne ya ceci ginin, domin babu wanda ya ga ribar rushe shi ya gina sabo a wurin.

Maganar ramukan harsashi ta samo asali ne daga 1901, lokacin da 'ya'yan Lambert suka yi gyaran rufi, aka ce sun ƙirga ramuka fiye da 400 a saman mashayar, kuma katako mai kauri da aka jera riɓi biyu ne ya hana harsasan isa ga masu barci a bene. Yau akwai ramuka sama da 20 da ake nuna wa baƙi a silin kwano mai zane na ɗakin cin abinci. Kada ka lissafa kowane rami a matsayin rai guda. Wanda ke son kashe mutum ba ya harbin sama. Yawancin waɗannan harbe-harbe na buguwa ne da murna da nuna isa, al'adar makiyayan da suka karɓi albashi bayan watanni a daji. Adadin 26 kuwa ya fito ne daga riwayar da aka gada a gidan, ba daga rajistar kotu ba. Waɗanda jaridun zamanin da takardun shari'a suka tabbatar, irin Griego da sojojin nan uku da wasu da suka mutu a rigimar caca, ba su kai haka ba, kuma kusan duka sun taru ne a tsakiyar shekarun 1870, wato daidai lokacin rikicin fili.

Jerin shahararrun baƙi ma yana buƙatar tacewa da kwanan wata. Ana cewa ɗan fashin nan Jesse James kullum a ɗaki na 14 yake sauka da sunan aro, amma ɗakunan kwana a 1880 aka gina su, shi kuma an kashe shi a Missouri a Afrilun 1882, saboda haka kalmar kullum ta yi yawa. Ana cewa a nan mai shirya wasannin kallo Buffalo Bill ya haɗu da gwanar harbi Annie Oakley suka tsara wasansu na nuna rayuwar Yamma, alhali Buffalo Bill ya fara wasan a Nebraska a 1883, Oakley kuma 'yar Ohio ce da ta shiga a 1885 bayan ƙungiyar wasan ta riga ta kafu. Cewa shahararren ɗan sandan nan Wyatt Earp da 'yan'uwansa sun bi ta nan a 1879 a hanyarsu daga garin Dodge City na Kansas zuwa Tombstone na Arizona abu ne mai yiwuwa, domin hanyar ke nan, kuma a wancan lokaci duk wanda ya ratsa garin da wuya ya wuce bai shiga gidan Lambert ya ci abinci ba. Ƙa'idata a irin wannan ita ce in yarda da wucewa da cin abinci cikin sauƙi, in nemi hujja mai ƙarfi ga duk labarin da ya ƙunshi lambar ɗaki. Haka nan batun fatalwar ɗaki na 18, wanda ake barinsa a kulle ana cewa wani mai caca ya ci otel ɗin a karta aka harbe shi ya mutu a ciki, labari ne da ya yi ƙarfi a zamaninmu tare da shirye-shiryen talabijin, kuma tarihin mallakar gidan bai nuna cewa ya taɓa fita daga hannun Lambert ta hanyar caca ba.

Rayuwar garin ta biyu ta zo ta wata ƙofa da ita ma ta fito daga tsohon filin Maxwell. Wani attajirin man fetur ɗan Oklahoma, Waite Phillips, ya sayi babban yanki a kudancin Cimarron, sannan a 1938 da 1941 ya ba ƙungiyar 'yan sikawut ta Amurka kyautar ƙasa mai faɗi, wadda ta zama sansanin Philmont. Kowace bazara matasa fiye da 20,000 ke zuwa hawan duwatsun, tare da iyaye da ma'aikata, kuma su ne kasuwar da ta riƙe shaguna da gidajen abinci na garin. Otel ɗin ya yi ta sauya hannu, ya lalace, wani lokaci a rufe, har aka gyara shi aka sake buɗewa a 1985, aka bar ɗakunan tsohon ginin da gadajen ƙarfe da kayan katako irin na da, aka gina sabon sashe a gefe ga wanda ke son kayan zamani. An rubuta sunayen shahararrun baƙi a ƙofofin ɗakuna. Wanda ya je yana son ya ga tarihin da na bayyana, bayan ya duba silin sai ya taka zuwa injin niƙan Maxwell da tsohon kurkukun 1872, dukkansu 'yar tafiya ce da ƙafa daga otel ɗin, sannan ya haura maƙabartar da ke kan tudu a kudancin gari, inda aka binne Tolby.